Kafin ka kai wa tsohuwar bindiga samfefa

 Ɗana, na ji an danƙa maka mabuɗin ɗakin tsofaffin makamai a gidan tarihin da kake aiki, kuma a cikin kayan akwai wata bindigar soja da tsatsa ta fara ci, wadda kake so ka goge ta yi fes kafin a fito da ita gaban baƙi. Niyyarka mai kyau ce, na kuma ji daɗi da ba ka bar ta yashe a lungu ba. Amma ina roƙonka ka dakata tukuna. Ka ajiye samfefa da buroshin waya, in ka riga ka kira mai walda ka ba shi haƙuri ya koma. A iya abin da idona ya gani, hannun mai gyara ya fi tsatsa ɓata tsofaffin bindigogi. Tsatsa sai ta shekara da shekaru tana ci a hankali, samfefa kuwa yamma ɗaya ta ishe ta, kuma abin da ta kankare ya tafi ke nan har abada.

Kafin tarihi, kafin komai, ka ɗauka akwai harsashi a cikinta. Kada tsufanta ya sa ka saki jiki. Harsashin .303 irin nata da aka ƙera tun zamanin Yaƙin Duniya na Ɗaya yana iya tashi yau in bai sha ruwa ba, wani ma yakan yi jinkiri sai mutum ya ɗauka ya mutu sannan ya tashi. Ka juya bakinta wajen katangar da babu kowa a bayanta, yatsanka nesa da kunama. Ka cire gidan harsashin da ke ƙarƙashinta, ka ɗaga sakatar ka ja ta baya, ka haska tocila ka leƙa, ka kuma sa ɗan yatsa ka taɓa, don ido yakan yi ƙarya a wuri mai duhu. In sakatar ta cije ta ƙi motsi, kada ka sa mata guduma, kada ka kai ta kusa da wuta wai don ta saki. Ka kulle ɗakin, ka nemi mai kula da makamai na 'yan sanda ko na bariki ya zo da kansa. Duk harsashin da ka tsinta, a cikinta ko a ƙasan akwati, ka miƙa musu a rubuce su sa hannu. Kwanson da aka riga aka harba ya ishi mai kallo.

Sai maganar doka, wadda matasa sukan ɗauka ba ta shafi tsohon kaya ba. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa su gida uku. Bindigar toka da ake ɗura wa albarushi ta baki, irin ta mafarauta, lasisinta yana hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Bindigar farauta mai harsashi, Sufeto Janar ke ba da nata. Bindigogin soja kuwa suna cikin haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa, kuma dokar ta ambaci .303 ƙarara, ba ta yi togaciya ga wadda ta tsufa ba. Wanda aka kama da ita babu izini yana fuskantar ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba. Gyaran bindiga ma sai wanda aka ba izini. Saboda haka ka binciki takardun gidanku, ka tabbata tana cikin rajista kuma 'yan sanda sun san da zamanta. Gobe in wani ya zo ya ce akwai irinta a ɗakin kakansa yana so ya ba ku, ka gode masa, amma kada ka ɗauko ta a babur ɗinka. A bi ta hannun 'yan sanda da wasiƙar ofis. Haka ya fi masa aminci, ya fi maka.

In wannan ya kammala, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ka kwantar da ita, ka zauna ka karanta ta. Turawan Ingila ba su bar wani sashe na bindigar soja babu hatimi ba, kuma hatiman nan su ne bakin da take magana da shi. Yadda ka siffanta ta, itace ya rufe bututun har baki, hancinta a dakushe, gidan harsashinta na ɗaukar goma, wannan Lee-Enfield ce gajera, wadda suka fara ba sojojinsu samfurinta na uku a 1907. Lee sunan James Paris Lee ne, wanda ya tsara sakatar da gidan harsashin. Enfield kuwa garin da masana'antar makaman gwamnati take ne, arewa da Landan. Tsawonta wajen santimita 113, nauyinta kusan kilo 4. Ka duba ƙarfen da ya zagaye wurin da ƙota ta haɗu da jikin bindigar, ta dama, ƙarƙashin hannun sakata. Za ka ga kambin sarauta, ƙarƙashinsa haruffa biyu, sai sunan masana'anta, sai shekara, sai lambar samfuri. G.R. na Sarki Joji na Biyar ne, wanda ya yi sarauta daga 1910 zuwa 1936, hakan kuma ya dace da 1916 da ka ce ka hango. Da E.R. ka gani, da ta zamanin mahaifinsa ce. Sunan masana'anta yana iya zama ENFIELD, ko BSA ta Birmingham, ko LSA ta Landan, ko Lithgow ta Ostareliya, ko Ishapore ta Indiya.

Ka lura ko akwai ɗan tauraro a gaban lambar samfurin, wato III. Lokacin da yaƙi ya yi zafi, wajen ƙarshen 1915, sai aka rage wa bindigar wasu abubuwa don a riƙa ƙera ta da sauri: aka daina sa ɗan faifan ƙarfen da ke toshe gidan harsashi, aka daina sa abin saitin nesa da ke gefen hagu. Waɗanda aka yi haka su ne masu tauraro. Na faɗa maka wannan ne don kada wani ya nuna maka hoto a littafi ya ce taka ta rasa kaza da kaza, ku shiga neman abin da za ku liƙa mata. Haka ta fito daga masana'anta, ba a sace mata komai ba. Kada kuma ka haɗa ta da ƙanwarta, lamba huɗu, wadda ta bazu daga 1941, wadda 'yan sandanmu suka daɗe suna saɓawa har jama'a ke ce mata makfo. Ita bututunta ya leƙo gaban itace, abin saitinta yana can baya kusa da ido, rubutunta kuma yana hagu.

Akwai ƙananan hatimai da suka fi manyan faɗin gaskiya. Kan kibiya mai yatsa uku alamar dukiyar gwamnatin Ingila ce. In ka ga biyu sun haɗa kai da kai, an sayar da ita ke nan, ta fita daga hannun soja. FTR yana nufin an mai da ita masana'anta an yi mata gyara na gaba ɗaya, galibi da shekarar gyaran a gefe. DP kuwa hukunci ne: masu duba makamai na wancan zamani sun yanke cewa ba ta ƙara harbi, sai dai a yi fareti da ita. Sannan ka bi lambarta. Za ka same ta a jikin bindigar, a kan bututu, a bayan hannun sakata, a ƙarfen hanci inda wuƙa ke shiga, har da ƙarƙashin abin saiti. In duk sun zo ɗaya, madalla. In ta sakata ta bambanta, ka rubuta hakan yadda yake. Kada ka je ka musanya da ta wata bindiga don lambobi su yi kusa, domin kowace sakata an daidaita ta ne da jikin da aka sa ta. A gefen ƙota ta dama wataƙila ka ga ɗan faifan tagulla kamar kwabo. A kansa ake buga sunan rundunar da ta riƙe bindigar, shi ne kuma abin da ya fi komai daraja a wurinka, don shi ne zai iya cewa ta taɓa zama a hannun sojojinmu. Rubutunsa ba shi da zurfi. Mai goge tagulla da Brasso yana iya shafe shi kafin ya gama tauna goro ɗaya.

Hatimi ma yakan yi ƙarya. Maƙeran mashigin Khaibar, tsakanin Fakistan da Afganistan, sun shahara da kwaikwayon bindigogin Ingila har da tambarinsu. Akan gane nasu ta harafin da ya juya baya, ko layin rubutu da ya karkace, ko haruffan V.R. na Sarauniya Biktoriya tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a shekarar ta rasu. In akwai doguwar Martini-Henry a ɗakin naku, mai harsashi ɗaya da hannu a ƙarƙashi, ka duba ta da wannan idon.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa. Kowace tsohuwar bindiga tana zuwa da labari, kuma mai labarin ba maƙaryaci ba ne, abin da ya ji ne daga manyansa. Za a ce maka da ita aka ci Kano, ko an tsince ta a Burmi. Sai ka tuna cewa Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar, tashin Satiru kuma a 1906 ne. Bindigar da aka ƙera a 1916 ba ta halarci ko ɗaya daga cikinsu ba. Za a kuma ce maka wane ne ya dawo da ita daga Boma. Yana yiwuwa, amma ƙa'ida ita ce soja ya mai da bindigarsa ma'aji kafin a sallame shi, don haka wannan magana tana buƙatar shaida. Kada ka ƙaryata dattijo a gaban jama'a, kada kuma ka rubuta labarinsa a allon bango kamar tabbatacce. Ka rubuta shi a kundi da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, ka rubuta abin da hatimi ya ce a gefensa, ka bar mai zuwa bayanka ya ga duka biyun.

Gaskiyar ma ta fi ƙarin gishirin nauyi. Irin wannan bindiga aka ba 'ya'yan talakawan ƙasar nan da suka shiga rundunar Turawa ta Afirka ta Yamma, rundunar da Hausa ce harshen da ake magana da shi a bataliyoyinta na Najeriya. Sun yi yaƙi da Jamus a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, aka wuce da su Afirka ta Gabas. A yaƙin Hitila sun fafata da Italiya a Somaliya da Habasha, sannan aka ɗebe su a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can zuwa dazukan Boma a runduna ta 81 da ta 82. Sun bi kwarin Kaladan a 1944, sun shiga Myohaung a Janairun 1945. Sunayen da suka samo asali daga yaƙin Boma suna nan a barikokinmu, mutane na wucewa kullum ba su tambaya: Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Arakan da Myohaung a Legas. An ƙera Lee-Enfield fiye da miliyan 16 a duniya, saboda haka taka ba abar da ba a samu ba ce, kuma in kuɗi ake magana ba za ta sa kowa ya yi arziki ba. Darajarta tana ga duhun da gumin hannu ya bari a wuyan ƙota, da lotsawar da faɗuwa ta yi wa itacen, da gogewar da kafaɗa ta yi wa ƙarfen gindi. Mafi yawan mutanen da suka saɓa ta ba su bar wasiƙa ko hoto ba. Wanda ya goge waɗannan alamu kamar wanda ya gaji kundin kakansa ne, ya ga tawada ta dushe, ya ce bari ya wanke takardun su yi fari.

To, me za ka yi wa tsatsar? Da farko ka san iri biyu ce. Akwai launin ƙasa-ƙasa mai santsi da ya kwanta a kan baƙin rinin da masana'anta ta yi wa ƙarfen. Wannan ya daina ci, yana ma kare abin da ke ƙarƙashinsa, ka ƙyale shi. Akwai kuma ja mai gari, mai ƙaiƙayi a hannu, wadda in ka shafa farin ƙyalle sai ya ɗauko launi. Ita ce mai rai, ita kaɗai za ka yaƙa. Ka ɗauki hotonta ta kowane gefe kafin ka taɓa komai. Sai ka ɗiga mai mara kauri, irin na keken ɗinki, a kan jar tsatsar kawai, ka bar shi ya kwana. Washegari ka kankare a hankali da tsinken itace, in ta ƙi sai da ɗan guntun tagulla, wanda ya fi ƙarfen laushi, ba zai ji masa ciwo ba. Ka share da auduga, ka sake ɗigawa, ka sake jira. Wurin da bai fi tafin hannu ba yana iya cin mako guda, kuma ba asara ba ce. Ramukan da tsatsa ta riga ta haƙa za su zauna, kada ka bi su da dutsen wasa kana neman ƙasansu, garin neman gira a rasa ido. In ka gama, ka share man da ƙyalle mai ɗan kananzir, ka bar ƙarfen ya bushe sarai, ka shafa masa kaki siriri ka murza. Akwai wanda ake kira Renaissance Wax, da aka haɗa a ɗakin binciken gidan tarihin Birtaniya saboda irin wannan aiki. In bai samu ba, man keken ɗinkin nan ya wadatar, muddin za ka riƙa sabunta shi.

Za a kawo maka shawarwari, kowa da tasa: ruwan batir, lemun tsami, jiƙon tsamiya, toka da yashi irin na wankin tukunya. Dukkansu suna cire tsatsa, suna kuma tafiya da rinin asali da ƙananan hatimai, su bar ƙarfe tsirara ya fi da saurin tsatsa. Man gyaɗa da manja suna ɓaci su yi tsami, su kira tururuwa. Baƙin man mota cike yake da dattin inji. Kada ko ɗaya ya kusance ta.

Cikin bututu yana da nasa labarin. Ka cire sakatar, ka sa farar takarda a wajen gindi ta mai da haske, ka leƙa ta baki. Za ka ga tsagi biyar sun murɗa hagu. In cikin ya yi duhu da ƙananan ramuka, kada ka ce sakacin magabatanka a ofis ne. Abin da ke kunna harsashin wancan zamani yana barin wani gishiri a bututu bayan kowane harbi, gishirin ya jawo laima, tsatsa ta kama cikin kwana ɗaya ko biyu a wuri mai damshi. Mai ba ya narkar da shi sai ruwa, shi ya sa sojoji ke ɗura tafasasshen ruwa ta mazurari bayan harbi. Ka yi tunanin wanda ke tsakiyar damina a dajin Boma, ina ya ga sukunin wannan kullum? Ka kuma buɗe 'yar ƙofar da ke ƙarfen gindin ƙota. A ciki ake ajiye kwalbar mai ta tagulla da igiyar da ake jan ƙyalle da ita ta cikin bututu. In suna nan ka yi sa'a, ka ba su lamba su ma. In ka ga gefe ɗaya na bakin bututun ya ɗan cinye, aikin igiyar nan ne, wani soja ya shekara yana jan ta a karkace. Kai dai ka zura ƙyalle mai ɗan mai da sandar itace sau biyu ko uku, ka tsaya nan. Tunda ba harbi za ta yi ba, babu abin da ƙyallin cikinta zai ƙara mata.

Itacen, ga mai irin wannan shekara, galibi walnot ne, kuma ba a shafa masa fenti mai sheƙi irin na kujerun kafinta ba. Man linsid ake jiƙa shi da shi, shi ya ba shi wannan launi mai zurfi. Ka goge ƙura da buroshi mai laushi, ka bi da ƙyallen da aka matse sosai, ka busar nan take. Sojoji sun riƙa ƙara masa linsid don bindigarsu tana shan rana da ruwa. Taka tana ɗaki, kuma linsid yana ƙara baƙi da tsufa, ba ya fita in ya shiga, don haka ni kaki na fi so mata. In har ka yi amfani da shi, kada ka dunƙule tsumman ka jefa a kwali, yana iya yin zafi da kansa ya kama wuta. Ka shanya shi a waje. In ka ga facin itace da aka dasa da kyau, ko ƙusar tagulla da aka ratsa wurin tsagewa, gyaran ma'aikatan makamai ne na da, ya zama tarihinta. Haka in ka ga an naɗe wuyan ƙota da fata ɗinkin dukawa, ko an ɗaura laya, ko an yi zane da wuƙa. Kada ka yanke, kada ka buɗe layar don ganin abin da ke ciki. Tsagewar da ba ta motsi, a bar ta. Wadda ke buɗewa, a nemi ƙwararre ya haɗa ta da gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba, wanda ruwan ɗumi ke sakinsa in an so warwarewa. Gam ɗin kanti mai kamawa nan take ba ya barin hanyar komawa. Ƙananan huji a itace kuwa, ka kwantar da ita a kan farar takarda na 'yan makonni. In ka ga sabon gari ya zubo, ƙwaron yana ciki da rai: ka ware ta daga sauran kaya, ka rubuta wa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa su turo mai adana kaya. Kada ka fesa mata fiya-fiya, zai ɓata itacen, ya cuce ka kai ma.

Ban so ka kwance ta ba sai dole, kamar in tsatsa mai rai tana fitowa daga ƙarƙashin itace. In dolen ta zo, aikin mai izini ne, kai kana tsaye kana rubutawa. Ka tabbata bakin sukundirebansa ya cika tsagin kowane noti daidai, don wanda bai cika ba yana tauna kan notin, tabon kuma ba ya gyaruwa. Ka kuma tuna masa da wani abu da ya fasa itacen bindigogi masu yawa irin wannan: dogon notin da ke riƙe ƙota yana da ƙarshe mai kusurwa huɗu da ke shiga cikin wani ƙarfe a bayan itacen gaba. Wanda ya murɗa shi bai fara cire itacen gaban ba, zai tsaga shi. Itacen gaba ake fara cirewa, sannan ƙota. Duk abin da aka cire, ko karyayyen noti ne, a sa shi a ambulan da lambar bindigar.

Wata rana wani zai ce a gwada ta, a ji ko tana tashi. Wani zai ce a ara masa ita don hawan Sallah. Wani kuma, a wannan zamani na rashin tsaro, zai zo da hawaye ya ce a ba 'yan sa-kai su kare ƙauyensu, kuma za ka ji tausayinsa don gaskiya yake faɗa game da halin da suke ciki. Amsar duka ɗaya ce, ka faɗe ta da ladabi, kada ka sassauta. Ƙarfen da ya haura shekara 100, mai ramukan da ido bai ga zurfinsu ba, mai sakatar da wataƙila ba tasa ba ce, in ya fashe fuskar mai riƙe da shi zai fara samu. Ga doka a kanka, ga amanar da aka ba ka. Bindigar da ta fita daga ɗakin nan da sunan aro, da wuya ta dawo, kuma ba ka san a hannun wa za ta kwana ba. In mai matsa maka ya fi ka girma, ka ce ya rubuto a takarda, ka kai wa shugabanka. Sau da yawa maganar a nan take mutuwa.

Wurin ajiya kuwa, yanayinmu ne abokin gaba. Ƙarfe yana son bushewa, itace yana son 'yar laima, su biyun kuma an haɗa su jiki ɗaya. Masu adana kaya sukan nemi laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 55 cikin 100. A Kano da makamantanta takan faɗi ƙasa da 20 a hunturu, itace ya tsuke ya tsage, ta haura 70 a watan Agusta, ƙarfe ya yi gumi. Ba za ka iya da sama ba, amma za ka iya rage saurin sauyin, shi ne ma ya fi yin ɓarna. Akwatin gilashi mai rufuwa da kyau, da 'yan ƙunshin silika masu shan laima a ciki, da ɗan agogon auna laima mai araha, sun yi rabin aikin. Ka nisanta ta da taga, da bangon da ke jiƙa, da daɓen siminti. Kada ka naɗe ta a leda ko bargo, kada ka bar ta a kube, duk suna riƙe damshi. Ka kwantar da ita a kan matashi biyu da aka lulluɓe da auduga. In aka jingine ta baki sama, man da ke jikin ƙarfe yana gangarowa ya jiƙe wuyan ƙota, itacen ya yi baƙi ya yi laushi. Duk mai taɓa ta ya sa safar hannu, kai ne na farko, don gishirin gumi yana barin zanen yatsa a ƙarfe. In tana da maratayi na fata, ka sa ɗan ƙyalle tsakaninsa da ƙarfe. In wuƙarta tana nan, mai tsawon inci 17, samfurin 1907, a ajiye ta a gefen kubenta, kada a wasa ta.

Ka riƙa duba ta a farkon damina, da tsakiyarta, da shigowar hunturu, kana rubuta abin da ka gani ko da babu sauyi. Mabuɗin ɗakin kada ya zama a hannun mutum ɗaya. In za a buɗe, ku zama biyu, ku sa hannu a littafi. Hotunan hatiman kuma ka ɗauke su da hasken tocila daga gefe, ba daga sama ba, sai rubutun da ya dushe ya taso. Ka aiko mini da su, musamman na faifan tagullar nan da na ƙarƙashin hannun sakata, mu duba tare kafin ka rubuta allon da baƙi za su karanta. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da mutanen gida.